Mutumin da Ke Ɗanɗana Sabulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Maris, Allah Ya karɓi ran shugaban masu dafa sabulu na kamfaninmu, wanda kowa ke kira Baban Tukunya, bayan jinyar mako biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan aiki.

Baba, ni ne manajan nan da ya zo da digirinsa yana ganin ya fi ka sani. Ranar da na fara ganin ka lakato sabulu mai zafi, ka busa, ka taɓa da harshe, na ce a raina tsohon nan zai halaka kansa. Ka yamutsa fuska ka ce, "A ƙara mai kaɗan, da sauran cizon sinadari a harshe." Na'ura ta ce komai daidai, amma kai ne da gaskiya.

Babban kamfanin da ke gogayya da mu ya sayi injinan da suka fi namu. Suka ɗauke mana mai awon sinadarai, ya tafi musu da takardar haɗinmu kaf. Na kasa cin abinci, kai kuwa dariya ka yi. Sabulunsu ya riƙa tsagewa tun kafin ya kai shago, masu saye suka dawo mana. Da mutanen kamfanin suka zo maka da tayin albashi ninki uku, ka ba su kujera da ruwa, ka raka su bakin ƙofa.

Na matsa maka ka rubuta abin da ka sani. Ka ce, "Manaja, me zan rubuta? Man jiya daban, na yau daban. Ka dai ba ni mutum huɗu." Shekara shida kana sa su ɗanɗana kowace tukunya, ni kuma ina mitar ɓata lokaci. Yau ina jin kunyar wannan mita.

Jiya muka ɗora tukunyar farko babu kai a duniya. Na tsaya a kan aikin da kaina, don ma'aikata tamanin ne ke ci daga tukunyar nan. Sai ɗaya daga cikin huɗun, matar da ka ɗauko daga wajen naɗe kwali, ta lakato, ta busa, ta taɓa da harshe. Ta yamutsa fuska irin taka ta ce, "A ƙara mai kaɗan." Yau da safe sabulun ya fito sumul. Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Mu ma a nan muna cikin masu karɓar gaisuwa.