Mun Baro Ka a Alƙahira, Ashafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Alhaji Ashafa Kurfi a wani asibiti da ke birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, yana kan hanyar dawowa daga Umara. Ba Masar ya nufa ba. Zango kawai muka yada domin mu canza jirgi zuwa Kano. Ni Rilwanu, abokinsa tun muna firamare a Kurfi, ina cikin ayarin, kuma ni ne mutumin gida na ƙarshe da ya ga fuskarsa.

Ashafa, duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama daga yankinmu ya san shagonka na sayar da tikiti a Dutsin-Ma, inda kake zaune kai da abokin aikinka Kefas. Ba ka taɓa miƙa wa mutum tikiti ka sallame shi haka nan ba. Sai ka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiyar ƙofar shago, ka bi da shi tafiyar tun daga farko. Kakan ce wa tsofaffi, wannan kamar mutum ne ya taso daga Kurfi za shi Kaduna, motar da ya hau ta ajiye shi a Funtuwa ya jira wata. Sai dai a nan kada ya tsaya neman akwatinsa, don in tikitin ɗaya ne, ma'aikata za su juye kayan cikin jirgi na biyu. Ya riƙe fasfo da katin shiga jirgi a jikinsa, kada ya bi ayarin masu fita gari, ya duba allo ya ga lambar ƙofarsa, ya je can ya zauna. Kuma ya gyara agogonsa, domin lokacin can ba namu ba ne.

Har gobe ana ba da labarin Baba Manu na Kuki, wanda da kuka sauka canjin jirgi a Habasha ya ɗauka an iso ƙasa mai tsarki, ya faɗi ya yi sujada yana kuka. Ba ka yi masa dariya ba, ba ka kuma bari kowa ya yi ba. Ka jira ya ɗago, ka kama hannunsa ka ce, "Baba, sujada ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma da saura, tashi mu ƙarasa." Shi da bakinsa yake faɗa a kasuwa, yana share hawaye.

Kefas ma yana da nasa. Ranar da 'yarsa Sarah za ta tafi karatu ƙasar waje, jirginta na farko ya makara, kafin ta sauka na biyu ya tashi. Ta kira ubanta tana kuka. Kai ka karɓi wayar, ka kwantar mata da hankali, ka ce ta nemi teburin masu canjin jirgi ta nuna tikitinta, tunda ba laifinta ba ne dole su saka ta a jirgi na gaba, su ba ta masauki. Ba ka koma gida ba ran nan sai da ta ce ta shiga ɗaki ta kulle ƙofa. Tun daga lokacin Baba take kiran ka.

Ni kuwa ban taɓa ƙetare Najeriya ba. Shekara da shekaru kana yi mini tsiya, wai ina koya wa yara taswirar duniya alhali ban wuce Zariya ba. Da na ajiye aiki ka ce bana ƙafata ƙafarka. Muka tafi da ayarin da yawancinsu tsofaffin mata ne daga Karofi da Shema, waɗanda ba su jin wani harshe sai Hausa. A Makka da Madina kai ne idonsu, kai ne bakinsu. Na lura kana yawan dafe ƙirji, na yi maka magana, ka ce gajiya ce.

Mun taso daga Jidda lafiya, muka sauka Alƙahira da hantsi, da sauran jira mai ɗan tsawo kafin jirgin Kano. Ka shige gaba muna biye, ka ratsa da mu wurin bincike, ka nemo wa wata tsohuwa keken turawa, ka nuna wa mata wurin alwala, ka kai mu har ƙofar da za mu shiga. Sai da ka ga kowa ya zauna da ruwan sha a hannu, sannan ka zauna kusa da ni. Ka ce bari ka ɗan huta. Lokacin jirgi ya kusa, ban ankara ba sai na ji nauyinka a kafaɗata.

Ma'aikatan lafiya sun zo da hanzari, suka ɗora ka a kan gado mai taya, suka ce sai an kai ka asibiti cikin gari. Na bi ku da gudu har inda masu shige da fice suke. A nan aka tsayar da ni: ni mai wucewa ne, ba ni da bizar shiga ƙasar, kuma neman ta zai ci lokacin da ba mu da shi, ga shi an soma kiran jirginmu. Na ce ko jirgi ya tashi ba inda za ni. Ka buɗe ido da ƙyar, ka zaro katunan shiga jirgi na ayari daga aljihunka ka danƙa mini.

"Rilwanu, wa zai shigar da su? Amana ce. Kai su gida."

Na ce, "Kai fa?"

Ka ce, "Ni ina hannun Allah. Jeka."

Na tsaya ina kallon ka ta gilashi har aka sha kwana da kai. Sannan na koma na jera tsofaffin nan, na miƙa wa kowace katinta, na ce musu an kai Alhaji ganin likita, zai biyo jirgin gobe. Wallahi haka na zata. A cikin jirgi kujerarka tana gefena, babu kowa a kai, na yi ta addu'a har muka sauka.

A Kano muka tsaya inda kaya ke fitowa, kowa ya ɗauki nasa. Naka bai fito ba, domin ƙa'ida ce wanda bai shiga jirgi ba a sauke kayansa. Ina kunna waya kiran Kefas ya shigo. Na ce masa ko ya ji labarin jikin Alhaji. Sai na ji babban mutum ya fashe da kuka. Ashe muna sararin sama ka cika.

Ɗalibai 'yan Arewa masu karatu a Alƙahira, waɗanda da yawansu kai ka saya musu tikitin zuwa, su suka yi maka wanka, suka sallace ka, suka kai ka makwancinka. Mu da muka tashi tare da kai ko ƙasa ba mu zuba ba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne shiga gidanka a Kurfi. An share tsakar gida, an yi girkin tarbar matafiyi, abincin yana rufe ba wanda ya taɓa. Hajiya Azumi, uwargidanka, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki. Na durƙusa, na kasa haɗa ido da ita. Ba ta tambaye ni dalilin da na baro ka ba. Abin da ta ce kawai, "Malam Rilwanu, ya samu ya karya kumallo kuwa?" Sai na tuna ka raba wa kowa biredi da shayi, ban ga ka kai komai bakinka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ashafa, ya fito daga ɗakinKa ya faɗi a hanya, baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka karɓi Umararsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Azumi da 'ya'yansa, da Kefas da iyalinsa, da jama'ar Kurfi da Dutsin-Ma baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya sa mu cika da imani.

Ina da roƙo guda. Iyalinsa ba su da kabarin da za su ziyarta. Don haka duk ɗan yankinmu da tafiya ta ajiye shi a Alƙahira yana jiran wani jirgin, ko da bai fita ko ƙofa ba, ya ɗaga hannu ya yi wa Ashafa addu'a. Yana nan kusa, a cikin garin.