Alherin da Ta Bari a Firij

Matata 'yar birnin Makawo ce, kakarta kuma daga Fotugal ta zo. Ta musulunta kafin mu yi aure, muka kama ɗaki a unguwar Xiaobei, kusa da kasuwar Tianxiu inda nake ɗaure wa 'yan kasuwa kaya.

Akwai wani abinci da ta gada wurin kakar nan. Takan dafa kaza ta yayyaga, ta jiƙa burodi a romon, ta zuba tafarnuwa da man zaitun da jan barkono, ta cuɗe ta ɗura a hanjin saniya da na sayo wurin mahaucin Musulmi. Sai ta lanƙwasa ta ɗaure, ta ba shi hayaƙi, ta rataye a taga. Sunansa ta rubuta a jikin leda, alheira. Lokacin na fara koyon haɗa baƙi, na karanta alheri. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce a bar shi a haka.

Yayana yakan zo daga Kano sarin wandunan jins a garin Xintang, ya sauka wurinmu. Bai taɓa gaya mata magana mai zafi ba. Amma ya ga irin wannan hanji rataye a shagunan unguwar Liwan, na alade, don haka duk sanda ta ajiye masa faranti sai ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Na sha gaya masa kaza ce. Yakan ce to, ya jawo ayaba. Ita kuma ta ɗauke farantin, ta tambaye ni a kicin ko gishiri ne ya yi yawa. Ta san ba gishiri ba ne.

Ta kwanta ciwo, ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar arba'in yayana yana gari, ya zo da wasu 'yan Maraɗi. Na sayo shinkafa, sannan na buɗe firij na ɗauko ragowar alherin da ta yi da hannunta. Ina so wanda zai yi mata addu'a ya ci abincinta, ko loma ɗaya.

Na tsaga fatar ta baya kamar yadda take yi, don kada ta fashe. Na rage wuta, na jira har ya yi ja. Na soya ƙwai na ɗora a kai, na sa dankali da ganye a gefe. Ƙamshin tafarnuwa ya cika ɗakin, sai da na tsaya na wanke fuska kafin na fito da tire.

Aka ci shinkafa, hannaye suna kewaye farantin alherin, ba mai taɓawa. Da aka shafa fatiha, yayana ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya yi bisimilla, ya gutsira, ya tauna a hankali. Ya ƙara gutsira.

Ya ce, “Ashe kaza ce, ƙanena.”

Na ce, “Kaza ce, Yaya.”

Ya tambaya ko akwai saura ya tafi wa iyalinsa da shi, su ma su sa mata albarka. Na ce masa wannan ne na ƙarshe, kuma ban taɓa tsayawa na koyi yadda take auna burodin ba.