Amalanken Mahautan Goudji

Ana sallame sallar asuba muka bar Maiduguri, ni da wata mai sarin atamfa. Damina ta mai da hanyar Gamboru kunu, sau biyu muna sauka mu tura mota. A Kuseri na canza nairata zuwa sefa, abin da ya cika jaka ya koma bai cika tafin hannu ba. Muka haye gada, sai ga Injamena.

Ƙanwata na je gani, tana auren mahauci a unguwar Goudji. Ni ce 'yar bokon gidanmu, ni ce kuma shugabar kwamitin lafiya na unguwarmu, ita kuwa ko aji ɗaya ba ta zauna ba. Don haka da guzurin wa'azin tsafta na tafi. Ta tarbe ni da kisar, wata irin wainarsu mai faɗi, da miyar kuɓewa, da shayin da zaƙinsa ya kusa cire mini haƙori.

Lungunansu irin namu ne sak, taɓo da kwata, mota ba ta shiga. Sai dai na ga jan ƙyalle ɗaure a wasu ƙofofi, na tambaya.

"Yaya, gidan mai ciki ne da ta shiga watanta," in ji ta. "Duk matar da ta wuce sai ta leƙa."

Kwana na uku, bayan ruwan la'asar, na ji ana buga tasa a maƙwabta. Kafin in gyara mayafi mahauta biyu sun fito a guje da amalanke mai katifa da rumfar leda. Aka ɗora mai naƙuda, mata na biye, suka ratsa taɓo har bakin titi inda labtan yake, wato asibiti a bakinsu. Ba a kira magariba ba aka dawo da albishir ɗin 'ya mace.

Ashe aikin ƙanwata ne. Ita ta tara matan mahauta suka zauna a ƙofar sarkin fawa har ya ba da amalanke ɗaya, ya kuma sa mazan su riƙa karɓa-karɓa wajen turawa.

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Shekara da shekaru kwamitina na rubuta takardun neman motar asibiti, motar da ko an ba mu ba za ta shiga lungunmu ba. Daminar bara maƙwabciyata tana naƙuda ta cika a kan tabarma ana ciccibe da ita zuwa titi. Ga 'yata na baro a gida da cikin wata takwas. Maimakon in yaba, sai na taɓe baki.

"Ai amalanken nama ne."

"Mun wanke, Yaya," ta ce, ta ƙara mini shayi.

A hanyar dawowa ko soyayyen kifin da ta ƙunsa mini ban iya ci ba. Ina sauka, tun kafin in shiga gida, na nemi mai kurar ruwan lungunmu muka yi magana. Na yaga jan ɗankwalin da ƙanwata ta ba ni tsaraba, na ɗaura a ƙofata.

Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da muke jira daga ofis yana jingine a bangon lungunmu. 'Yata ta sauka lafiya, a kurar ruwa aka kai ta. Da 'yan kwamiti suka tambayi inda na samo dabarar, na ce a wani taro ne a Chadi. Har yau bakina ya ƙi faɗin sunan ƙanwata.