Kwandon da ya tashi zuwa Damazin

Jiya da la'asar ina zaune da yara a gindin bishiyar bakin tur'a, wato magudanar ruwan gona, ina karanta musu wani littafi mai hotuna. Labarin wata yarinya ce da ta shiga kwando, ta rufe ido, kwandon ya tashi da ita sama.

Littafin da Larabci yake. Sai Ikhlas, 'yar ƙanena da ta fara haɗa baƙi bana, ta ja mayafina.

"Gwaggo, da Hausa ma kwando yana tashi?"

Na rufe rubutun da tafin hannuna. "Gwada mu gani. Ina zai kai ki?"

Ta daɗe tana laluben kalmomi, don bakinta ya fi sabawa da Larabci. Can ta ce a hankali, "Ya wuce gonakin auduga, ya bi kogi, ya sauka Damazin. Baba yana yankan riɗi. Na ce mishi ya shigo, akwai wuri."

Tun farkon kaka ubanta ya tafi aiki, ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba sai jiya.

Ku fa, da wane harshe yaranku suke faɗin abin da ke ransu?