Ranar da Na Gane Tozo a Abuja

Ko da zan manta sunayen jikokina, ba zan manta cin naman da na yi a Abuja ba, shekarar da ɗana na fari ya aurar da 'yarsa. Ni 'yar makiyayi ce daga wajen Gwashi, a cikin shanu na buɗe ido, ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai ranar.

Bayan biki ɗan nawa ya gayyaci sababbin surukansa cin abincin rana, mutanen boko masu ji da kansu. A mota ya ce, "Inna, gidan gashin mutanen Brazil ne za mu, ki dai bi ni a hankali." Na ce, "Ni za ka koya wa cin nama?"

Wurin ba a jera abinci. Maza ne ke yawo da dogayen tsinkayen ƙarfe da wuƙaƙe, su tsaya a kanka su yanka maka. Gaban kowa akwai wani ɗan faifai, gefe kore gefe ja. Na ɗauka na ɗora kofi ne. Ashe kore na nufin a ƙaro, ja na nufin ya isa, kuma babu wanda ya gaya mini.

To mu a gidanmu, wanda ya yanka maka nama da hannunsa ba a mayar masa. Duk wanda ya zo sai in ce madalla in karɓa. Kafin a jima farantina ya yi tudu, kowa ya juya nasa ja, ni kaɗai ake ta yi wa layi. Na ga uwar ango ta rufe baki da mayafi tana taɓa ƙanwarta. Ɗana ya sunkuyo, murya a shaƙe, ya ce, "Inna, don Allah juya abin can." Sai na ajiye naman da ke hannuna. Wallahi ba kaina na ji wa kunya ba, shi na ji wa, da ya kawo ni da alfahari ga shi zan mayar da shi abin labari a gidan surukai.

Ana haka sai babban mai gashin ya fito da kansa, wani dattijon Bature mai furfura, wai ya ga wadda ta gajiyar da mutanensa. Ya yanka mini wani yanki mai kitse a jikin tsoka. Ina sawa a baki na manta da kowa. Na ce, "Wanga tozo ne! Na bijimi, kuma ba a yi mashi gaggawa ba. Gishiri kaɗai ya gani."

Ɗana ya fassara. Dattijon ya ajiye wuƙa, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce mahaifinsa makiyayi ne, su ma shanunsu masu tozo ne, kuma a daji suke soke nama a sanda su kafa gefen garwashi. Na ce haka Baffana yake yi in an yada zango, nesa da harshen wuta, kitse na ɗiga yana ƙamshi. Muka yi ta hira, ɗana a tsakiya yana juya magana, har muryarsa ta dawo daidai. Uwar ango da kanta ta miƙo faranti ta ce, "Hajiya, wane gefe ya fi daɗi?" Na zaɓar mata.

Da za mu tashi dattijon ya sa aka naɗe mini duk tudun nan, ya juya ɗan faifaina ja da hannunsa yana dariya. A mota ɗana ya ce, "Inna, kin fitar da ni."

Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'ar alheri, ban ma san sunansa ba. Abin da na koya shi ne, ilimin da ka ɗauko a bayan shanun ubanka kada ka raina shi, akwai teburin da shi kaɗai zai tsaya maka.