Makau Mai Wucewa

Makau igiya yake sayarwa a kasuwar Bukkuyum, ta guga da ta ɗaure tumaki, kuma da ita ya ciyar da 'ya'yansa bakwai. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, fim zai ce maka. Har zuwa bara, a ƙidayarsa ya fito a shirye-shirye goma sha huɗu. A lokacin na kalli goma sha uku daga ciki, ba duka da son raina ba, kuma zan iya ba da shaida cewa babu inda aka ji muryarsa.

Aikinsa wucewa ne. Idan masu ɗaukar hoto suka zo yankinmu, na shirin noma ne ko na rigakafi, suna son a ga mutane suna kai da komo a bayan mai magana, don kada wurin ya yi kama da kufai. Makau dogo ne, gemunsa ya yi fari tun yana ɗan arba'in, kuma yana da tsohon keke. Duk daraktan da ya gan shi sai ya ce wannan shi ne ƙauye. Ya wuce a bayan likita a Anka. Ya wuce a bayan malamin gona a Gummi, sau biyu a shiri ɗaya, da hula daban, a matsayin mutum biyu.

"Abin da ƙa'ida, Malam," yakan ce mini. "Ba ka duban kyamara, ba ka tsayawa, ba ka gaida kowa."

Rashin gaisuwar ne ya fi ba shi wahala. An taɓa ɗaukar wani shiri a bakin tasha, ya turo kekensa ya wuce ta gaban surukinsa, Alhaji Dikko, ko kai bai ɗaga ba. Sai da aka yi mako biyu ana kai maganar ana kawowa kafin tsohon ya yarda cewa aiki ne ba raini ba. Har ya rasu bai fahimci irin aikin da ke hana mutum sallama ba.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, haifaffen 'Yargalma. Na san Makau ne a shekarar 2011, bayan abin da gubar dalma ta yi wa yaran garinmu, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Wasu baƙi sun zo yin shirin wayar da kai, kuma da yake ina jin Turanci aka ɗauke ni tafinta. A shirin akwai zaman makoki. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, aka tara dattawa. Darakta ya bi fuskokinmu da kallo, yana neman wanda zai zauna a matsayin uban yaron da ya rasu. A wurin akwai mutum biyar da suka binne 'ya'yansu a shekarar da ta gabata. Ni ne na shida. Ya zaɓi Makau.

Ban ga laifin daraktan ba. Mu shidan mun zauna yadda ake zama a makoki: kai a sunkuye, carbi a hannu, in an yi maka gaisuwa ka amsa. Babu abin ɗauka a nan. Makau kuwa, da 'ya'yansa bakwai suna gida lafiya lau, ya ɓoye yankin albasa a hannun rigarsa. Darakta ya ce in gaya masa ya ƙara kuka. Na gaya masa da Hausa, daidai yadda aka faɗa. Ya ƙara. Ya dafe kai, kafaɗunsa suna rawa, hawaye har gemu.

Wani dattijo mai suna Lirwanu ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, wanga wane gari ne ake makoki haka?"

Na ce ban sani ba, amma can za a nuna shi.

Wannan shirin ne abin alfaharin Makau. An ce masa har ƙasashen waje an kalla. A wajensa wannan ce ranar da aka ɗaga shi daga wucewa zuwa zama. Duk shirin da ya fito sai ya bi ya samo faifansa, ko da sai ya je Gusau. Yana ajiye su a cikin gwangwanin biskit, kowanne a naɗe da tsumma. A zauren gidansa akwai ƙaramar talabijin da batirin sola, kuma duk baƙon da ya yi kuskuren zama sai ya kalla. Makau yakan tsaya a gefe da sanda, yana jira. In lokacin ya zo ya buga allon: "Ga ni nan!" Kafin ka duba ya wuce.

Da hanyoyi suka lalace da tsoron 'yan bindiga, masu kyamara suka daina zuwa. Makau ya koma wa igiyarsa, sai dai bai daina ba da darasi ba. Bara, ranar kasuwa, na tsaya rumfarsa zan sayi igiyar rago, na tarar yana ba Sagir mai faci labarin faifai na goma sha huɗu, wanda ba ya nuna wa kowa.

"Shi na hwarko, kuma shi na ɓata," in ji shi. "Shirin adana wake ne, can 'Yargalma, kaka ta dubu biyu da tara. Anka ce in turo keke in wuce bayan malamin gona. Ina tahiya lahiya lau, sai wata ɗiya ta fito cikin mutane ta riƙe min kariyar bayan keken. Ta ce sai an aza ta. Na ja, ta ja. Mi zan yi? Na duƙa na ɗauke ta. Ka san mi kyamara ta samu? Ƙeyata. Ranar hwarko, Sagir, ƙeya!"

"Ai ƙeyar ta fi fuskar kyau, Baba," in ji Sagir.

"Rufe min baki. Jikar wata tsohuwa ce, Habsu mai daddawa. Ita ta zo ta amshe ta tana ba ni haƙuri."

Habsu mai daddawa ita ce Innata.

A nan sai na yi bayani kaɗan. Surayya ce 'yata ta fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Da aka yaye ta aka kai wa Inna, kamar yadda ake yi. Na yi jami'a, na san tsarin jini da yadda guba ke bi ta cikinsa, amma wannan kunyar ban taɓa tunanin ajiye ta ba. In na je 'Yargalma nakan ce, "Ina yarinyar nan?" in miƙa alawa ta hannun wani. Ban taɓa kai ta wurin mai hoto ba, don kada a ce Malam ya zaƙe. Ta rasu a bazarar 2010, tana da shekara huɗu da wata biyu. Na riƙe adadin. Fuskar ce ta fara kuɓuce mini. A 'yan shekarun nan in na tuna ta, fuskar ƙanwarta Fauziyya nake gani, kuma na san ba ita ba ce.

Na biya igiyata na tafi. Kwana tara na yi kafin in je gidansa, bayan la'asar.

Ya yi murna ƙwarai. Ya ɗauko gwangwanin, ya ce yau da na makoki za mu fara, tunda ni ma ina wurin. Na ce na gan shi. Ya ce to na Gummi, mai hula biyu. Na ce na 'Yargalma nake so, na wake.

"Haba Malam. Wannan ba aiki ba ne. Ko iyalina ban nuna ma ba."

"Shi nake son gani, Baba Makau."

"Don ka yi min dariya, kai da Sagir?"

Ba shi da niyyar bayarwa, na gani a fuskarsa. Mutum ne da ya gina mutuncinsa a kan cewa bai taɓa tsayawa ba. Babu wata dabara da ta rage mini sai gaskiya, kuma a gabansa da wasu maƙwabta biyu da suka shigo kallo.

Na ce, "Yarinyar da ta riƙe maka keke. Surayya. Ɗiyata ce."

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwarta, kuma wannan ne karo na farko da na faɗi sunan da ƙarfi a gaban maza. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Makau ya dube ni ya daɗe. Ina jin ya tuna tabarmar nan da albasar, don ya kalli hannun rigarsa. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Allah shi jiƙan ta," ya kwance tsumman da ke can ƙasan gwangwanin.

Faifan bai taɓa shan kallo ba, saboda haka shi kaɗai ne babu ƙarzuwa a jikinsa. Malamin gona ya yi minti bakwai yana bayani a kan buhu mai ninki uku da yadda ƙwari ke mutuwa a ciki. Sai ga keke daga hagu. Sai ga ƙaramin hannu a kan kariya. Dogon mutumin ya tsaya, ya duƙa, ya juya wa kyamara baya ya ɗago ta, fuskarta ta fito a saman kafaɗarsa. Tana da wushirya. Na manta tana da wushirya. Ba wanda ya gaya mata ƙa'ida, don haka ta kalli kyamara kai tsaye, tana dariya, ta kama hularsa ta karkatar. Na ƙirga daga baya: daƙiƙa goma sha ɗaya.

Makau yana tsaye a gefe da sandarsa, bai buga allon ba. Da malamin gona ya koma kan buhunsa, sai ya yi gyaran murya.

"Ka dai gani, Malam. Da ban tsaya ba, da aikin ya yi kyau."

Na ce, "Na gani. Mayar da shi baya."

Ya mayar. Sau shida ya mayar kafin batirin ya mutu. Da zan tafi ya naɗe faifan a tsummansa ya miƙo mini, ya ce dama ba ya cikin waɗanda yake alfahari da su.

Yanzu in an tambaye shi, goma sha uku yake cewa.