Hoto na Uku

Shekarun baya, zamanin Turawa, ana tsakiyar babban yaƙin nan da ya sa komai ya yi wuya, na sayar wa wani abokina kyamara ɗaya da fim ɗaya. Fim ɗin hoto takwas yake ci. Uku aka ɗauka: na farko keken ɗinkinsa, na biyu da na uku ƙanensa. Biyar suka rage ba a taɓa ba. Biyun nan su kaɗai ne kamannin ƙanen nasa da aka taɓa ajiyewa a duniya, kuma shawarata ce ta cinye su.

Sana'ata fata da ƙirgi. Ina saye a Safana da Batsari da rugagen Ruma, in kai Kano. Ba wanda ya ba ni jari, da fatar akuya huɗu na fara. A Kano na kamu da son hoto, har na sayi 'yar kyamara a hannun kukun wani Bature. Mu uku ne masu wannan ciwo a yankinmu: ni, da malamin shamagani na Batsari, da abokina tela, wanda ba shi da kyamara amma ya fi mu zaƙuwa. Ranar kasuwa bayan la'asar mukan taru a rumfarsa, mu baje hotunanmu a kan tabarma, kowa yana kushe na wani. Rabin nawa mutane ne da na yanke wa kai, amma da yake na fi su baki, ni ake ɗauka gwani.

Da bazarar wata shekara aka zo ɗiban mutane aikin haƙar kuza a Jos, ba da son ransu ba. Sunan ƙanen tela ya fito. An ce wata huɗu za su yi, kuma saura kwana tara su tashi. Manomi ne, bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Mahaifiyarsu 'yar gidan malamai ce, a da ko zancen hoto ba ta yarda a yi a gidanta. Sai ga shi ta kira tela ta ce ya ɗaukar mata shi kafin ya tafi. Ta sayar da tunkiyarta ta ba shi kuɗin, ya haɗa da nasa, ya zo rumfa neman shawarar wace kyamara zai saya.

Biyu ne a gabansa. Akwai wani Bayarabe mai hoto a Katsina da zai koma gida, yana son sayar da tsohon akwatinsa na katako mai ƙafa uku. Irin wannan, a cikinsa ake wanke hoton. Mutum na zaune za a ɗauka, a cusa hannu a wanke, a miƙa masa yana jiƙe. Ɗayar kuwa ƙarama ce ta rataya, mai cin fim, irin tawa. Sai an kai fim ɗin Kano an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Ina da ita a jakata, wata bakwai ina neman mai saye.

Malamin shamagani ya ce a sayi akwatin, shi zai koya masa haɗa ruwan wankin.

"Kwana tara ne a hannunka, Tela," in ji shi. "Sayi wanda za ka ga hoton kafin ya tashi daga kan kujera. In bai yi ba, ka sake zaunar da shi."

Na ce wannan akwati sai an saya masa jaki na musamman, sannan mutum ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle kamar ɓarawon miya. Na ce duniya ta wuce wurin, Turawa ma sun yar. Aka yi dariya. Malam bai iya irin wannan barkwanci ba, sai ya tambaye ni ina kwalin fim ɗin, yana son ya duba ranar da aka rubuta a jiki. Na ce ya yage a hanya.

Bai yage ba, ni na yar da shi. Saboda yaƙi fim ya daina shigowa, nawa kwantai ne na wani kanti, ranarsa ta wuce da daɗewa. Ba zan ce na san zai lalace ba, don na sha ɗauka da irinsa ya fito. Amma na san in Malam ya gani ciniki ya mutu, kuma akwatin Bayaraben nan ko anini ba zan samu a kansa ba. Tela ya dube ni ya ce ai ni ne na san Kano, abin da na ce shi zai yi.

Da hantsi muka ɗauka, a jikin katangar gidansu. Tela ya gwada hannunsa a kan keken ɗinki tukuna. Sannan ƙanen ya fito cikin aron rigar yayansa, ya zauna a kan turmi, ya ɗora hannu a gwiwa. Ana dannawa ya fashe da dariya, dole aka sake.

"Yaya, in na dawo da kuɗin kuza akwatin Malam zan saya," in ji shi, "in ɗauke ka kana ɗinka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Tela ya ce ya rufe baki ko ƙuda ya fito a hoton. Ya daure fuska, aka ɗauki na uku. Mahaifiyarsu ta aiko daga ciki tana tambaya ina hoton. Aka ce mata yana cikin kyamara, sai an kai Kano.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya fi muni, don babu ko riba a cikinsa. A makon nan zan tafi Kano. Tela ya ce bari ya naɗe fim ɗin ya ba ni in wanko. Na hana. Na ce hoto biyar za su tafi a banza alhali fim ya fi nama tsada, ya bari yaron ya dawo, a ɗauke shi da jaririnsa, a cike takwas. Ni mutum ne da bai taɓa kai rabin kaya Kano ba, sai na auna fim da ma'aunin ƙirgi. Tela ya sa kyamarar a akwatin ƙarfe, a shagonsa mai rufin kwano. Ta sha zafin bazara a nan, damina ta faɗi ta sha danshi.

Wata na biyar ayarin ya dawo babu shi. Wani mutumin ƙauyen Babban Duhu ne ya kawo hularsa da bargonsa. Ya ce ruwan can da sanyinsa ba irin namu ba ne, ciwon haƙarƙari ya kama shi, kwana shida ya cika. An rufe shi tare da wasu, ko shi da ya yi masa salla ba zai iya nuna wurin ba.

Bayan addu'ar bakwai tsohuwar ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana bayan asabari.

"Ɗan nan, an ce yana cikin abin nan naku. Ku fito min da shi."

Na ce to, Inna. Washegari na kama hanya ba tare da fata ko ɗaya ba. Kwana huɗu na yi, mota na kafewa muna turawa.

Mai wankin hoto a Sabon Gari ya ɗaga fim ɗin ya duba a haske, ya tambaye ni a ina aka ajiye shi. Na gaya masa. Ya girgiza kai ya buga min su a takarda. Keken ɗinki ya fito, har ana ganin zare. Na biyu hazo ne kawai. Na uku ga katanga, ga riga, ga hannuwa a kan gwiwa. Inda fuska take kuwa farin tabo ne, a tsakiyarsa lamba uku da ɗige-ɗige. Ya ce lambar ta jikin takardar da ake naɗe fim da ita ce, zafi da danshi suka manna tawadarta a kai. Ya ce ko da tsohon fim ne, da na kawo a makon farko da an samu fuska. Ya yi min tayin zai zana wata da fensir in zan kwatanta masa. Na buɗe baki, sai na ga ban da dariyarsa ba abin da na riƙe.

A hanya na yi tunanin in ce fim ɗin ya faɗa rafi. Ban yi ba. Na sami tela a kan keke, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Kwalin nan da Malam ya tambaya. Da gaske yagewa ya yi?"

Na ce a'a. Na gaya masa duka. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya miƙo min hoton ya ce in kai mata da kaina, ya ci gaba da taka kekensa.

Na tura hoton ta ƙarƙashin asabari. Ta ja shi ciki. Can ta ce, "Hannunsa ne. Ga yatsan da lauje ya yanke." Sannan ta ce na sha hanya, Allah ya saka min da alheri. Na sha zagi a kasuwa iri-iri, babu wanda ya zauna min a rai kamar addu'ar nan.

Na ci gaba da sayar da kyamara shekaru bayan haka, kuma na samu a ciki. Amma duk wanda ya zo neman shawara, ba na fara tambayarsa nawa gare shi. Ina tambayarsa wa zai ɗauka, kuma in bai yi ba, zai sake samun mutumin ya zauna masa? Sannan in ce ya je ya ji ta bakin wanda ba shi da kaya a jaka, ya wanke fim ɗinsa ko hoto ɗaya ne a ciki.

Ribar da na ci a cinikin sule goma sha ɗaya. Na kai wa tela, ya ce in bar su. Zaman rumfa ya mutu daga ranar. Mun ci gaba da gaisawa a masallaci har ya rasu, amma bai sake ɗinka min riga ba, kyamarar kuma ba ta sake fitowa daga akwatin ƙarfe ba. Matar ƙanen ta haifi namiji. Da ya girma ya zo min har Safana da hoton a aljihu, ya ce an gaya masa ina wurin ranar da aka ɗauka, in faɗa masa kamannin babansa. Na ce dogo ne, mai yawan dariya. Ya jira in ƙara, ba ni da ƙari. Ya shimfiɗa hannunsa kusa da na hoton, ya duba, ya mayar aljihu, ya yi min sallama.